Ranar da Aka Tambaye Ni Ma'anar Zango

Ran Asabar ɗin da ta wuce, a ajin tafinta da nake yi muku a ɗakin saman masallaci, Zainab ta ɗaga wayarta ta ce, "Anti Rabi, wallahi aikin nan naku ya kusa ƙarewa. Ki yi magana, waya ta yi translating, shi ke nan." Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. Ban ba ta amsa ba a ranar saboda an kira la'asar. To ga amsar a rubuce, tunda na lura kun fi jin magana da ido a kan kunne. Zan ba ku labarin lokacin da aka so a ja layi a tsakiyar unguwarmu a nan Barking, gabashin London, a raba mu gida biyu, da yadda maganar ta zo ta rataya a kan kalma ɗaya da aka tambaye ni ma'anarta. Amma bari ku fara sanin aikin tukuna.

Jakar nan da kuke cewa ta tsufa, ba komai a cikinta sai ƙaramin littafi mai buɗewa ta sama, biro biyu da gorar ruwa. Littafin mai buɗewa ta sama ne don in juya shafi da yatsa ɗaya ba tare da ƙara ba. Biro biyu ne saboda na taɓa tsayawa gaban alƙali biro ya ƙafe ana cikin lissafa ranakun haihuwar yara biyar. Ba na rubuta jimla. Suna, lamba, kwanan wata, sai kibiyoyi da ke nuna min wa ya je wurin wa, su ne kawai. In an tashi, a gaban mai maganar nake yage shafukan, don ya ga sirrinsa bai bi ni gida ba. Sai takalmi marar tsini, don lungunan asibitocin garin nan sun fi hanyar gona tsawo.

Doka ta farko kuma ita ce, da bakin mai magana kike magana. In ya ce cikina na ciwo, ke ma cikina na ciwo za ki ce da Turanci, ba wai ya ce cikinsa na ciwo ba. Ni nan da kuke gani na sha cewa ni na tuƙa motar a gaban kotu, alhali har yau ban san birki daga totur ba. Na yi ciwon suga, na haifi tagwaye sau uku, na rasa fasfo a Milan, duk a bakin aiki.

Aikina na farko a wani asibiti ne, kuma a nan na fara shan kunya. Lokacin ina bin Baba Salifu, wani dattijo mutumin Kumasi da ya daɗe yana tafinta tun kafin in zo ƙasar nan, shi ya yarda in riƙa bin sa ina kallo. Ranar sai ya ce in gwada, shi ya koma gefe. Wata tsohuwa ce 'yar Ghana za a sallama, nas tana tambayar wa ke kula da ita a gida. Tsohuwa ta ce, "Yaro na ya na zuwa kullum, shi ya na yi min wanka." Ni kuwa da Hausata ta Zariya da digirina, na buɗe baki na ce ɗanta namiji ne ke yi mata wanka. Nas ta rubuta, ta ce madalla, tunda ba ta da damuwa da namiji, akwai wani ma'aikaci da zai riƙa zuwa da safe. Da na mayar wa tsohuwa wannan, ta dafe ƙirji ta hau salati. Ashe 'yarta mace take nufi.

Baba Salifu ya gyara maganar cikin ladabi, ya bari sai da muka fito muka tsaya jiran jirgin ƙasa na tube. Sannan ya ce, "Rabi, Hausa na makaranta ka kawo London? Mu a zongo ba mu da ta. Mace ya, namiji ya. Ni yanzu ka na ce maka, ka zama namiji?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu na yi ina bin sa, ina cin waakye a gidajen mutanensa, wato shinkafa da waken nan nasu, ina sauraron yadda suke magana, kafin ya yarda in karɓi aiki ni kaɗai. Abin da ya fi nanata min shi ne, in ban tabbata ba in tsaya in tambaya, ko da alƙali zai haɗe rai.

Masu neman mu iri-iri ne. Akwai wanda Turancinsa ya fi nawa, amma zai sa a yi booking ɗin tafinta don ya samu lokacin tunani yayin da nake maimaita tambayar. Akwai wadda ba ta jin ko "come", amma tana gyaɗa wa likita kai a kan komai don kada a ce ta yi rashin kunya. Waɗanda suka fi ba ni wuya su ne masu raɗa min a kunne, "Hajiya, ki ɗan gyara min maganar." Ba na gyarawa. Na rasa ƙawaye a kan wannan, akwai wadda har yau in ta hango ni a kasuwar Lewisham sai ta tsallaka titi.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekarata. Aka rufe ƙofofi, aiki ya koma ta waya, kusan duk wani zama da aka sa min rana aka yi cancel. Wanda ya rage kuwa shi ne wanda ba a so. Ina zaune a kicin, likita a kunne ɗaya, iyalin marar lafiya a ɗayan, ba na ganin fuskar kowa. Rabin aikinmu kuwa a fuska yake. Mutum zai ce to, amma sai kin ga idonsa za ki san to na yarda ne ko to na ban gane ba. A shekarar na koyi sauraron numfashi. A shekarar kuma Baba Salifu ya rasu, mutum shida kawai aka bari suka raka shi.

To, mu zo kan maganar layi. Akwai hukumar da ke shata iyakokin mazaɓu, duk bayan wasu shekaru takan sake zana taswira don yawan masu zaɓe ya daidaita. Ba mugunta suke yi ba, lissafi ne. Sai dai a sabon zanen da suka fitar, layin ya biyo ta tsakiyar babban titinmu. Arewa da titin akwai masallaci, mahauci, islamiyya da ofishin 'yar majalisarmu. Kudu da titin kuwa nan gidajen jere suke, inda yawancin mutanenmu ke zaune, musamman 'yan Ghana. Aka ce ɓangaren kudu za a haɗa shi da wata mazaɓa da cibiyarta ke can wata ƙaramar hukuma, bas biyu daga nan.

Na san za ku ce to sai me, ai ba katanga za a gina ba. Ku ba ku taɓa rasa mutum ranar Juma'a da yamma ba, gawa tana hannun masu bincike, ana ce muku sai Litinin. Shekaru muka yi muna koya wa ofishin nan na arewa da titi dalilin da ya sa ba ma barin mamaci ya kwana uku. Har ta kai in an yi rasuwa kira ɗaya ake yi, su san wanda za su tuntuɓa. Ɗan majalisa kuwa ba ya taɓa maganar wanda ba ɗan mazaɓarsa ba. In layin ya tabbata, masallaci yana hannun wani, masu mutuwa suna hannun wani, kuma mun zama 'yan tsiraru a wuri biyu maimakon jama'a a wuri ɗaya.

Aka kafa kwamiti, Dokta Kabiru ya shugabanta. Likita ne ɗan Kano, mutumin kirki, mai son komai ya fito tsaf kamar rigarsa. Hukumar ta sa ranar jin ra'ayin jama'a, ta ce abin da take son ji shi ne hujjar cewa mutanen wuri suna da alaƙa da juna. Kwamiti ya ga babu wanda ya fi Mma Memuna dacewa ya yi magana. Tsohuwa ce 'yar Kumasi, ita ke wankan gawar mata a masallacinmu, gidanta yana kudu da titi, makullin ɗakin wanka yana ɗaure a bakin zaninta. Matsalar ita ce ba ta jin Turanci sai na bas, kuma in ta fara magana ba a san inda za ta dire ba.

Ana saura kwana biyu Dokta ya zo min da takarda shafi biyu, an buga da Turanci mai kyau. Ya ce, "Hajiya Rabi, ga shawara. Ki bar Mma ta faɗi duk abin da take so da Hausa, ke kuma ki riƙa karanta wannan a hankali. Minti goma kawai aka ba mu, we can't waste it. Ba wanda zai gane."

Na ce, "Dokta, in na kawo maka marar lafiya na ce ka rubuta masa ciwon da ba shi da shi don hukuma ta ba shi flat, za ka rubuta?"

Ya ce ai wannan daban, wannan don al'umma ne. Na ce masa takardarsa ta yi kyau, ya nemi nasa minti goman ya karanta da bakinsa. In kuma Mma suke so, to abin da Mma ta faɗa shi zai fito daga bakina. Ya naɗe takardarsa ya tafi ransa a ɓace. Ni ma gidana kudu da titi yake, kada ku ɗauka maganar ba ta shafe ni ba.

Ranar zaman, a zauren council, wato ƙaramar hukumarmu, aka yi, da hantsi. Wata Baturiya mai furfura ke shugabanta, lauya ce, ga taswira an haska a bango da jan layi a tsakiya. Kafin mu an yi mutane da dama. Wani fasto ɗan Najeriya ya yi magana, masu shagunan titi sun yi, wata tsohuwar Baturiya ma ta zo ta yi faɗa a kan lambun da suke nomawa. Akwai kuma wani mai kwat da ya zo goyon bayan sabon zanen, yana zaune a layin gaba da littafinsa.

Da aka kira Mma, na tsaya a gefen hagunta, baya kaɗan. Ta raɗa min, "Diya na, ka fada shi abin da na ce kawai." Sai ta fara gaisuwa. Ta tambayi Baturiyar da ke shugabanta kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi maigida da yara, ta tambayi sanyi. Ni kuwa ina mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Na hango Dokta yana duba agogo kamar zai cinye shi. Baturiya ta ce yara suna lafiya, ƙaramar ma ta fara jami'a. Mma ta sa wa yarinyar albarka, na mayar. Minti biyu suka tafi a haka.

Daga nan ta shiga magana, ba ta ambaci siyasa ko sau ɗaya ba. Ta ce a rana takan tsallaka titin nan sau huɗu, ta san daƙiƙa nawa danjar ke yi kafin ta ba mai ƙafa hannu. Ta ce ran Juma'a a keken jarirai suke tura tukwanen waakye daga gidajen kudu zuwa masallaci. Ta kwance makulli daga bakin zani ta ɗaga sama, ta ce ɗakin yana can, ita tana nan, matan da take wankewa rabinsu daga nan suke rabinsu daga can. Littafina ya cika da kibiyoyi, duk suna tsallaka layi ɗaya. Sai ta rufe da cewa, "Zongo na mu daya ne. Kar ka yanka shi biyu."

Kalmar zango ba ta da takwara a Turanci, don haka na bar ta yadda take. Baturiya ta duba taswira, ta duba takardunta, ta ce ba ta ga wannan suna ba. Sai ta juyo gare ni, ni kaina, ta ce tana son tafinta ta gaya mata ma'anar kalmar.

Kun san ma'anar zango. Wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana kafin su wuce. Mu kuma mun zo ne mu nuna cewa mun kafu. Da na ce mata ai unguwa ake nufi, ko al'umma, da ba wanda zai kama ni, Dokta ma da ya sa min albarka. Da waya aka tambaya, da ta zaɓi ɗaya ta faɗa ko a jikinta. Na sha ruwa, na ce mata asalin kalmar wurin da fatake ke yada zango ne su huta kafin su ci gaba da tafiya, kuma a Ghana da ita ake kiran unguwannin da baƙi Musulmi suka zauna. Na ga mai kwat ya sunkuya yana rubutu da sauri. Na ji wani a bayana ya ja tsaki.

Amma aikin bai ƙare a nan ba, kuma wannan ne nake so ku riƙe. Duk abin da aka faɗa a ɗaki, haƙƙin wanda ba ya ji ne a mayar masa, har da abin da tafinta ta faɗa da bakinta. Na nemi izini, na juya na ce, "Mma, ta tambaye ni mene ne zango. Na ce mata wurin da baƙi ke sauka ne kafin su wuce."

Mma ta dube ni, ta dubi Baturiya, ta gyara mayafi. Ta ce, "Gaskiya ka fada. Zongo wurin bako ne. Kaka na ya sauka Kumasi, ya ce kwana biyu, kabari nashi na can. Mu mun sauka Barking, mun ce kwana biyu. Miji na ya na kwance nan. Diya na guda ya na kwance nan, ni na wanke shi da hannu na. Ka tambaya shi, ni da na binne mutum biyu a kasa nan, ina zan te kuma?"

Na mayar da shi yadda ta faɗa, da bakina, mijina yana kwance a nan, 'yata tana kwance a nan, ni na wanke ta da hannuna, ina zan tafi kuma. Wannan karon na san mace ce, don na halarci jana'izar. Muryata ba ta yi rawa ba, riƙe murya ma yana cikin aikin. Lokacinmu ya riga ya wuce da minti uku, ba wanda ya buga ƙararrawa. Baturiya ta nemi a rubuta mata kalmar harafi-harafi, ta kuma tambayi Mma sunayen layukan da take nufi. Mma ta jero su tana ƙirgawa da yatsa, ina bin ta da biro.

A waje Dokta ya tare ni ya ce, "Hajiya, kin kusa kashe mu." Na ce masa ya je ya sha shayi.

Watanni suka wuce kafin a fitar da zanen da aka gyara. Layin ya bar babban titi ya koma kan layin dogo, inda dama ba mai tsallakawa sai ta gada. Masallaci da gidajen kudu suka zauna a mazaɓa ɗaya. Ba duka muka samu ba, layuka biyu da ke bayan dogo sun tafi, kuma gidan Dokta Kabiru yana ɗaya daga cikinsu. Ban ce mu kaɗai muka jawo ba, fasto da masu shaguna da mai lambu duk sun yi nasu. Amma Dokta da kansa ya bugo shafin rahoton ya kawo min har gida, ya ja layi da biro a ƙarƙashin wani sakin layi, ya ce, "Ki kai wa Mma."

Na same ta da rana a kicin tana juya miya. Na ce mata an bar mu tare, kuma maganarta ta shiga littafin hukuma. Ta ce in karanta mata. Sakin layin ya ambaci wata mazauniyar unguwa da ke tsallaka titi sau huɗu a rana, da keken jarirai, da makulli, da unguwar da mazaunanta ke kira zango, da mutum biyu da ta binne. Turancin da ke ciki nawa ne kalma-kalma, yanzu kuma ga ni ina mayar da shi Hausa. Ta ajiye ludayi tana saurare har na kai ƙarshe.

Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Haka na ce, daidai, ko daya bai bata ba. Ashe Baturiya nan ya na jin Hausa, ya bar mu muna wahala?"

Na ce, "Ga alama dai, Mma." A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ba a taɓa yaba min kamar haka ba.